Torika Mai Burodi da Cikin da Ba na Haihuwa Ba

Duk wanda ya taɓa kwana a Naivibuli, ƙauyen nan na bakin ruwa a kudancin tsibirin Kadavu na ƙasar Fiji, ya san ƙamshin burodin Torika. Tandarta tsohon duron fetur ne da mijinta Peniasi ya yanke, ya kwantar a bayan kicin, ya shafe shi da laka. A ciki take gasa ƙananan burodi masu madarar kwakwa, faranti huɗu kowace safiya kafin yara su wuce makaranta. Doguwa ce mai faɗin kafaɗa, ga murya. In tana murza ƙullu tana waƙar coci, gida uku ake jin ta, kuma ba wanda ya isa ya ce ta rage sai Waisake, ɗan kawunta. Shi tavale ɗinta ne, abokin wasa, yana da izinin tsokanarta har ranar da ɗayansu zai bar duniya.

"Tavale, yau ma kin ƙona musu gindi," in ji shi, yana jujjuya burodi a hannu.

"Ajiye, ka koma gida ka ci rogon jiya."

"Ni fa taimakonki nake yi. In ban ci ba wa zai ci wannan?"

Sai ya ci uku a tsaye, ya cusa biyu a aljihu.

Amma kowane wata akwai kwana bakwai, wani lokacin tara, da tandar ke yin sanyi. Ƙofar kicin a rufe, ba hayaƙi ba waƙa. Yara su zo da kwano su koma da shi wayam. Mutanen gari sun saba har sun raɗa wa abin suna, sai su ce burodi ya tafi Suva, babban birni. Maza na ganin halin Torika ne kawai, in ta ga dama ta yi aikin mutum uku, in ta ga dama ta kwanta. Mata kuwa sun san abin da ke kwantar da ita, ko dai suna zaton sun sani, don kowaccensu na yin nata kwana uku, kuma a cikin kwanakin ma tana zuwa kamun kaguwa. Wasu kan ce a bayan idonta, rashin ɗa ne ya ba ta lokacin lallaɓa kai.

Tana 'yar shekara goma sha uku abin ya fara. Al'adarta ta farko ta zo da ciwon mara da ya sa ta amai har sau uku, ya sauka ta baya ya riƙe mata cinyoyi. Mahaifiyarta ta dafa mata ganye, ta shafa mata baya, ta ce haka mata suke, sai ta cije. Ta cije kuwa. Yarinya ce mai kai, har aka tura ta makarantar kwana, kuma malamai na cewa wannan malamar makaranta za ta zama. A aji huɗu, ranar jarrabawar lissafi, tana tsakiyar amsa tambaya ta uku ta ji ƙunzugun ya cika ya wuce, ya ratsa siket ya taɓa benci. Ta kasa rubutu, ta kasa tashi. Ta zauna a wurin har aka karɓi takardu, har ɗakin ya watse, sannan ta cire rigar sanyinta ta goge bencin, ta ɗaura ta a ƙugu ta fita. Da aka yi hutu ba ta koma ba. Ta gaya wa mahaifinta zaman gida ya fi mata, shi kuma ya yi faɗa na kwana biyu ya haƙura.

Ta auri Peniasi tana da ashirin da uku. Gajere ne, manomin kava a kan tudu, saiwar nan da ake dakawa a jiƙa a sha, mutumin da in ka tambaye shi abu da safe sai da yamma zai ba ka amsa. A watan farko na aurensu ya dawo daga gona ya tarar da ita a ƙasa ta naɗe, gwiwa a ƙirji, tabarmar da ke ƙarƙashinta ta ɓaci. Ya juya da gudu zai kira mutane, ta cafke masa ƙafa.

"Ba mutuwa nake yi ba. Kowane wata ne."

"Kowane wata haka?"

"Tun ina sha uku."

Ya tsaya yana kallonta, kamar mai ƙirga watannin a zuci. Daga nan ya fita, ya sa wani dutse mai santsi a cikin garwashi, ya naɗe shi a tawul ya kawo mata ta rungume a mara. Washegari ya tattara zannuwan da suka ɓaci ya cusa a buhu, ya saɓa ya hau tudu. A rafin da ke bayan gonarsa ya wanke su, ya shanya a kan rassa inda ba mai gani, da yamma ya sauko da su a ninke. Bai yi shawara da ita ba, bai kuma taɓa ambatar abin ba. Shekara goma sha takwas yana hawa da buhun nan kowane wata, abokansa na zaton taki ne.

Sau ɗaya suka taɓa neman magani, a shekara ta biyu. Wadda suka tarar a ɗakin shan magani ta ba ta ƙwayar rage zafi, ta ce da zarar ta haihu zai daina. Ba ta haihu ba, bai daina ba. A wajenmu mace na haihuwa sunanta ke ɓacewa, a koma kiranta uwar wane. Ƙawayen Torika duk sun rasa nasu sunayen ɗaya bayan ɗaya, ita ta kai arba'in da nata. Ranar Lahadi, in kwanakin sun faɗo, takan bar farar rigar mawaƙa a akwati, ta ɗaura baƙin zane ta zauna a bencin ƙarshe kusa da ƙofa, daga can take ja musu waƙar.

Tana da arba'in da ɗaya cikinta ya fara tasowa. Da farko ita kaɗai ta lura, zane ya daina zagayowa inda ya saba. Sai yawan fitsari. Sai haki, daga bakin ruwa zuwa gida sai ta tsaya sau biyu. Sai kuma wani kwaɗayi da ita kanta ta ji kunyarsa, na ɗanyar shinkafa. Wata rana surukarta, Nei Lavenia, tsohuwa mai shekara saba'in da ke zaune a ɗakin da ke jikin nasu, ta shigo neman ashana ta tarar da ita hannu a cikin buhu, baki cike tana gurgura. Tsohuwar ta dubi bakin, ta dubi cikin, ta ɗauki ashanarta ta fita. Da la'asar aka gan ta da wuƙa a bakin daji tana yankar ganyen saƙa. Kwana uku bayan nan ta fara ƙaramar tabarma, irin mai laushin nan da ake yi wa jariri, tana rina gefenta da ja.

Kafin Lahadi gari ya ɗauka. Mata suka riƙa aiko da kifi da ganyen gwaza. Limamin coci ya yi addu'a ga "wani gida da Ubangiji ya tuna da shi," kowa ya waiwaya bencin ƙarshe. Abin da ya fi damun Torika shi ne Waisake. Ya daina tsokana. Ya zo ya ɗauki burodinsa da ladabi, ya ce yau ya yi daɗi, ya kuma hana ta ɗaga ko bokitin ruwa.

Wata safiya suna tsugune gaban tanda ita da mijinta, yana tura mata ɓawon kwakwa a wuta, ta ce, "Peni, ka san fa ba shi ba ne."

"Na sani."

"To me ya sa kake washe baki in sun yi maka barka?"

"Ban san yadda zan yi da fuskata ba." Ya ƙara ɓawo ɗaya. Can ya ce, "An ce akwai matan da ke ganin jini ko suna da ciki."

"Ba ya motsi, Peni. Tauri kawai gare shi, kamar na haɗiyi dutse."

Duk da haka mako shida ta yi ba ta ƙaryata kowa ba. Kullum ta yi niyyar gaya wa Nei, sai ta leƙa ta gan ta a bakin ƙofa, tabarau a karan hanci, yatsu na tafiya a kan saƙa tana 'yar waƙa, sai ta fasa. Kuma daga baya ta faɗa da bakinta cewa ba tausayin tsohuwar kaɗai ba ne. Ta ji daɗin yadda ake kallonta. Akwai ranakun da in ba kowa takan ɗora hannu a kan cikin, ta bar kanta ta yi zaton abin da ta san ba shi ba ne.

Ranar da jirgin ruwa ya kawo fulawa abin ya ƙare. Ba ta ɗauki komai ba, tafiya kawai take yi a bayan masu ɗauka, sai hanya ta yi duhu a idonta ta zube a kan yashi. Jini ya biyo ƙafafunta. Mata suka kwance mayafansu suka yi mata katanga, wasu har sun fara kukan ciki ya zube. Waisake ya tayar da injin kwalekwalensa, Peniasi ya rungume ta a ciki, suka yi tafiyar awa ɗaya da rabi zuwa ƙaramin asibitin gunduma.

Wata matashiyar nas suka tarar, Kelera, wadda ba ta daɗe da zuwa ba. Ta ja fatar idon Torika ƙasa ta duba, cikinsa fari fat kamar tsokar kwakwa. Ta yi gwajin fitsari da na jini, ta danna cikin a hankali, sannan ta jawo kujera ta zauna.

"Gwaggo, ba ciki ba ne."

"Na sani, 'yata."

"Jininki ya yi ƙasa sosai. Ban san yadda kike tsayuwa gaban wuta ba. Ƙunzugu nawa kike canzawa a rana?"

Torika ta dube ta. Shekara ashirin da takwas ba wanda ya taɓa yi mata wannan tambayar.

"Ba ƙunzugu nake sawa ba. Tawul nake ninkawa."

"Yana kai awa nawa?"

"Kwana biyun farko, awa ɗaya. Da gudaji kamar hantar kaza."

"Kin san ba haka sauran mata suke yi ba?"

"Ina zan sani? Ni nawa kaɗai na taɓa gani."

Kelera ta ce tana zaton ƙari ne a mahaifa, amma sai an yi hoto a Suva za a tabbatar. Ta sa mata ƙarin ruwa, ta ba ta maganin tsayar da jini da na ƙara shi, ta rubuta takarda, ta ce kada jirgin mako mai zuwa ya tafi ba da ita ba.

Da suka dawo gida Torika ta wuce kai tsaye ɗakin surukarta. Tabarmar na shimfiɗe a cinyar tsohuwar, saura kaɗan a gama. Torika ta zauna a ƙasa ta faɗi komai, ba ta ɗago kai ba. Nei Lavenia ta cire tabarau ta goge shi da bakin zane, ta daɗe tana gogewa.

"Na san da buhun," in ji ta.

"Wane buhu, Nei?"

"Wanda ɗana ke hawa da shi tudu. Ni na haife shi, kina zaton ban san taki da wanki ba? Tun shekarar farko na bi shi na gani."

"Ba ki taɓa cewa komai ba."

"Ke ma ba ki ce ba." Ta mayar da tabaraun. "Yayata Miliakere haka ta yi ta fama. Tana ta ramewa tana fari, muna cewa asiri aka yi mata. Ba ta kai shekarunki ba. Da na gan ki da shinkafa a baki, ita ce ta fara faɗo mini a rai, don ita ƙasa take ci. Sai na ce a'a, wannan karon jika ne. Na zaɓi wanda ya fi mini daɗi. Ki yafe mini."

Nan suka yi kukansu su biyu, ba mai rarrashin wani. Daga baya tsohuwar ta jawo sauran ganyen ta ci gaba da saƙa. Kwana biyar tana ƙara wa tabarmar tsawo, har ta kai ta babban mutum, kanta mai laushi da jan gefe, ƙafarta kuwa saƙar gaggawa. A kanta Torika ta kwanta a benen jirgi har Suva.

Suka sauka gidan wata 'yar ƙanwar Peniasi. A asibiti wata likitar mata, Dakta Roshni, siririya mai furfura a goshi, ta shafa mata mai a ciki ta yi hoto, ta juyo da allon ta nuna mata. Ƙari ne, babba ɗaya da ƙanana uku. Ta ce irin wannan ba kasafai yake zama mugun ciwo ba, nama ne kawai da ke girma a jikin mahaifa, shi ke jawo zubar jinin, shi ke danne mafitsara. Amma ciwon da ya fara tun tana sha uku, ta ce, wataƙila wani abu ne daban. Akwai matan da irin shimfiɗar da ke cikin mahaifa kan tsiro musu a waje, a jikin hanji ko ƙwan haihuwa, duk wata ta kumbura ta yi jini a inda ba mafita. Wannan sai an buɗe za a gani.

Ta ba ta zaɓi biyu. Ko a cire ƙarin a bar mahaifar, da sanin cewa zai iya dawowa kuma aikin ya fi zubar da jini, ko a cire mahaifar gaba ɗaya.

"In an bar ta, zan iya haihuwa?"

Likitar ba ta kauce ba. "A shekarunki, da yadda na ga wurin, da wuya ƙwarai. Ba zan ce miki ba zai taɓa yiwuwa ba, amma ba zan sa ki rai ba. Ki je ki yi tunani, jikinki ne."

Suka fito suka sayi dafaffiyar masara, suka zauna a kan katangar bakin teku da tsakar rana. Peniasi ya cinye tasa, ya cinye rabin tata, bai ce komai ba.

"Ka yi magana mana. Yau ba ni da lokacin jiranka har yamma."

"Ni dai," in ji shi, "ranar da kika faɗi, a cikin kwalekwale, na kira sunanki sau huɗu ba ki amsa ba. Ba na son in sake jin wannan."

"Gidanku zai ƙare a kanka."

"Yayana na da takwas. Gidanmu ma ya yi yawa."

Ta yi dariya, dariyar ta juye kuka, ya miƙa mata takardar da aka naɗo masarar ta share hanci. Washegari ta gaya wa likita a cire mahaifar.

Sai aka ce kafin aiki ana bukatar masu ba da jini. Aka yi sa'a 'yan ƙwallon zari-ruga na ƙauyen sun shigo Suva gasa a makon, Waisake ne mai horar da su. Ya taso su bakwai, ƙarti masu wuya kamar turmi, suka cika barandar asibiti. Shi ya shiga farko, yana cika baki cewa a ɗebi leda biyu a jikinsa. Da ya ga allurar sai ya ce a ɗan dakata ya sha iska, ya miƙe, ya sulale ƙasa tare da kujerar. Sai da aka yi masa fifita. Ya farfaɗo ya roƙi yaran kada labarin ya bar ɗakin, amma kafin ya kai ƙofar ɗakin da Torika ke kwance ta riga ta ji. Ya dai ba da jinin a karo na biyu, ido a rufe, wani yaro na riƙe da hannunsa.

"Tavale, na ji an ce ka yi jarumta."

"Santsi ne a wurin. Zan kai ƙara."

"Na gaya musu kada su sa mini naka. Ba na son in tashi ina tsoron allura ina satar burodi."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. Tun da cikin nan ya taso, ranar ce ta farko da suka koma yadda suke.

Aikin ya ɗauki awa uku. Babban ƙarin ya kai girman kwakwa da ba a ɓare ba. Kuma zaton likitar ya tabbata, ta tarar da tabo da manne-manne a bayan mahaifa da jikin hanji, ta kankare abin da ta iya. Da Torika ta dawo hayyacinta Dakta Roshni ta zo ta tsaya a gefen gado ta gaya mata abin da ta gani.

"Wanda ke da abin da na gani a cikinki ba ragwanci ke kwantar da shi ba," in ji ta. "Ban san yadda kika yi shekarun nan ba."

Torika ta roƙe ta ta maimaita a gaban Peniasi. Ba don bai yarda ba, ta ce, so take wani ya ji tare da ita.

Ba a ce komai ya zama daidai rana ɗaya ba. Ta dawo gida da ɗinki, aka hana ta ɗaga abu mai nauyi har mako shida. Peniasi ya karɓi tanda, ya riƙa fito da wani abu mai tauri da yara suka ce ya fi kyau a jefi mangwaro da shi, amma mutane suka yi ta saye don kunya. Akwai ranakun da Torika ke zama a bakin ƙofa tana kallon yaran maƙwabta, ba ta son magana da kowa. Da ana zaton ta daɗe da haƙura da haihuwa, ita ma haka ta zata, ashe wani ɗan lungu a zuciyarta bai rufe ba sai yanzu. Nei Lavenia kan zo ta zauna kusa da ita da saƙarta, su wuni tare. Wani ciwon ma bai tafi duka ba, yakan ɗan motsa mata a baya lokaci-lokaci. Amma jini ya tsaya, kumatunta suka ciko, ta daina haki.

Wata huɗu bayan aikin, a taron matan coci, bayan an gama maganar wanda zai share farfajiya, Torika ta miƙe ta ce tana da magana. Ta faɗi tawul, ta faɗi awa ɗaya, ta faɗi gudaji, da sunayensu. Matar limami ta kafa ido a kan littafin waƙa. Wata tsohuwa ta ce wannan ba maganar ɗakin Ubangiji ba ce, Nei Lavenia ta ce ai shi ya halicci wurin, a bar ta ta gama. Da ta gama, aka yi addu'a kawai aka tashi. Torika ta koma gida tana cewa ta zubar da mutuncinta a banza.

Sai ga su suna zuwa ɗaya-ɗaya. Mace ta zo sayen burodi ta ƙi tafiya, ta tsaya tana gyara wutar da ba ta lalace ba, can ta ce, wai ƙanwarta ce ke tambaya. Torika ba ta ba kowa magani. Tambayoyin Kelera kawai take maimaitawa, kwana nawa, awa nawa, yana hana ki aiki, sannan ta ce a je a gwada jini. Mata uku suka je a shekarar. Biyu ba a sami komai ba sai ƙarancin jini, ɗaya aka tura ta Suva.

Wanda ba ta zata ba shi ne Waisake. Ya zo wata safiya bai taɓa burodi ba, ya tsaya yana murza hularsa.

"Tavale, Unaisi ce." 'Yarsa ce ta biyu, mai shekara goma sha biyar. "Uwarta ta ce ƙiwar makaranta ce. Duk wata sai ta yi kwana uku a kwance tana amai. Jiya na ji ta ta bango tana cizon matashi. Ni ban san yadda ake tambayar 'ya mace wannan ba."

"Ba sai ka tambaya ba. Ka zuba mai a injinka."

Torika ce ta raka yarinyar wurin Kelera, daga baya har Suva. Hoto bai nuna ƙari ba. Dakta Roshni ta ce mai yiwuwa irin ɗaya ciwon ne na gwaggonta, ba za a iya rantsewa ba tukuna, amma ba za a jira shekara ashirin da takwas kafin a fara yi mata wani abu ba. Ta ɗora ta a kan ƙwayoyi, ta ce a dawo bayan wata shida. Ciwon ya ragu, bai ɓace ba. Torika ta je ta sami shugaban makarantar da kanta, ta zauna a ofishinsa ta ƙi tashi sai da ya yarda a sa wa banɗakin 'yan mata ƙofa mai sakata da bokitin ruwa. Unaisi ta zauna jarrabawarta ta gama.

Yanzu Torika na da arba'in da tara, ta yi ƙiba, muryar ta ƙaru. A bikin Kirsimetin da ya wuce aka haɗa wasan ƙwallon raga tsakanin matan aure da 'yan mata, aka rasa mutum ɗaya a ɓangaren matan aure. Torika, wadda ba ta taɓa buga ƙwallo ba tun tana firamare, ta tuɓe takalmi ta ɗaure zane ta shiga. Bugunta na farko ya wuce raga, ya wuce fili, ya faɗa cikin tukunyar miyar matar limami. Na biyu ya sami Waisake, wanda ke alƙalanci, a tsakiyar ƙeya. Ya hura usur ya ce ta fita, ta ce ba inda za ta, in ya isa ya zo ya fitar da ita. Aka cinye su da ci mai yawa. Ta fito tana zufa, gwiwa a kurje, ta zube kusa da Peniasi a gindin bishiya ta karɓe kwakwar da yake sha.

"Yaya ka gani?"

Ya yi ta tunani, har ta shanye ruwan.

"Gobe da yamma ma suna bugawa," in ji shi. "Zan nemo miki takalmi."